Na biya yuro 95 an yi min ƙaho a ƙauyen Finlan, ga yadda ta kaya

Ranar da na fara ce wa Inna a waya zan je sauna, shiru ta yi, can sai ta ce "wane saunan kuma, ke da wa?" Don ita a saninta sauna mutum ne, irin na karin maganar nan, sauna kira mana shashasha in ka ga sakarai ku taho tare. Sai da na yi mata bayani cewa a nan Finlan sauna ɗaki ne na katako da ake zafafawa mutum ya shiga ya zauna ya yi gumi. Ta ce to ai duk ɗaya ne, wanda zai ba da kuɗinsa a dafa shi da ransa ai sunan ya dace da shi.

Shekarata huɗu kenan a birnin Tampere, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma duk wadda ta taɓa wannan aikin ta san abin da yake yi wa baya. Ɗaga wannan, juya wancan, sunkuya ki sa wa wani safa, ga dutin dare, tun bara nake fama da wani ciwo tsakanin allon kafaɗata na dama da dokin wuya, kamar an ɗaure min dutse a wurin. Na je wajen masu gashin ƙashi sun ba ni atisaye a takarda, ina yi in na tuna, na sha maganin kashe zafi har na fara jin tsoron cikina. Wata abokiyar aikina 'yar ƙasar, wadda ta kusa ritaya, ita ce ta dube ni wata rana ina murza kafaɗa ta ce me ya sa ba zan je wajen kuppari ba. Na ce mene ne kuma kuppari. Ta ɗauko waya ta nuna min hoto, wallahi 'yan uwa sai ga ƙaho, ƙahon saniya dai irin na wanzamin unguwarmu, an jera a bayan wata farar mata. Na yi dariya har da riƙe ciki, wato na ƙetare hamada da teku na zo ƙasar da ake ce wa ta fi kowa ilimi, ashe wanzami na jirana a gaba.

Wurin da ta tura ni gona ce a bakin tafki, tafiyar kamar awa ɗaya daga Tampere, wata dattijuwa ce ke yin ƙahon, mijinta ke hura wutar sauna. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ƙaramar sana'ar gida ce kuma ina da ƙorafi biyu uku a kansu, ban ga amfanin ɓata musu kasuwa ba. Irinsu suna da yawa a ƙasar, in kika rubuta kuppaus, wato ƙaho a harshensu, a intanet da sunan garinki za ki gani.

Kafin nan dai ba wai ban san sauna ba. A ƙasar nan ba yadda za a yi ki tsere mata, mutum miliyan 5 da rabi ne amma sauna ta haura miliyan 3, majalisar dokoki tana da tata, kamfanoni suna da tasu, a Helsinki har a wani shagon abinci na Burger King an taɓa buɗe ta a 2016. A Disambar 2020 UNESCO ta sa al'adar cikin kayan gadon duniya, Tampere kuwa tun 2018 take kiran kanta babban birnin sauna na duniya, kuma a nan unguwar Pispala akwai Rajaportti wadda ke aiki tun 1906, ita ce mafi tsufa a gidajen sauna na jama'a da har yau ba su rufe ba. Gidan benen da muke haya ma akwai ta a ƙasa, kowane gida da awarsa a mako, tamu Alhamis ƙarfe 7 na yamma, ana ɗora 'yan kuɗin a kan haya. Amma wannan ta lantarki ce, zafinta busasshe ne mai cizon hanci, ni dai minti goma nake yi in fito ina mamakin me mutanen nan suke gani a ciki. Na gidajen jama'a kuwa ban cika zuwa ba saboda maganar al'aura, wasu a haɗe ne maza da mata kowa da kayan iyo, waɗanda aka raba kuma mata tsirara suke zama haihuwar uwarsu suna hira ko a jikinsu.

Shi ya sa abu na farko da na tambaya a waya shi ne wa zai gan ni. Nan ƙorafina na farko yake, matar ba ta da wani shafin da za ki yi rajista, sai dai ki kira, kuma ba ta jin Turanci ko kaɗan, da gurguwar Finishancina muka daidaita, rabi da hannu nake yi na manta ba ta ganina. Ta dai tabbatar min daga ni sai ita, mijin zai gama aikin wutarsa ya koma gida, kuma in zo da duk abin da nake so in ɗaura. Ta tambaye ni ko ina da ciki, ko ina shan maganin tsinka jini, ko jinina ya taɓa yin ƙasa, ko in na yanke yana daɗewa bai tsaya ba. Wannan ya kwantar min da hankali sosai, don su ne tambayoyin da ni ma zan yi in da ni ce.

Na tafi ranar wata Asabar a watan Nuwamba, lokacin da ƙarfe huɗu na yamma ta zama kamar bayan isha'i. Bas ta sauke ni a bakin titi, daga nan kusan kilomita biyu a ƙafa cikin daji, ba fitila ba kowa sai ƙarar takalmina a kan tsakuwa, ina tafe ina Ayatul Kursiyyu. Ba ta gaya min wannan a waya ba, ƙorafi na biyu kenan, da ta faɗa da na roƙi maigidana ya kawo ni a mota. Da na iso kuma sai aka ce sauna ba ta gama ba, in jira. Minti hamsin na yi a wani ɗan ɗaki ina shan shayi ina kallon agogo, raina ya fara ɓaci, sai daga baya na gane cewa irin wannan saunar ba a yi mata gaggawa.

Sunanta savusauna, wato saunar hayaƙi, ita ce ta kaka da kakanni. Ɗaki ne na gungumen itace ba shi da bututun fitar hayaƙi, a kusurwa an tara duwatsu tuli guda kusan tsayin ƙirjina, ana hura wuta a ƙarƙashinsu awa shida ko fiye, hayaƙin yana cika ɗakin yana fita ta ƙofa da wata 'yar taga a sama. In wutar ta mutu sai a kwashe garwashi, a watsa wa duwatsun ruwan farko don ya kori guntun hayaƙi mai guba, a buɗe ko'ina ya sha iska, sannan a share benci. Wannan gubar ita ce irin ta janareto da ke kashe mutane a ɗaki a gida, ba ta da wari, don haka jiran da na yi ba wulaƙanci ba ne. Tsohon ya fito fuskarsa duk baƙi, ya ɗaga min kai kawai ya wuce, ko kalma ɗaya, haka mazansu suke, in ɗan Finlan ya ɗaga miki kai to ya gaishe ki har da tambayar mutan gida.

Na shiga da zani ɗaurin ƙirji. Duhu, sai wata 'yar fitilar ƙwai a bayan gilashin taga, bango da rufi baƙi ƙirin da kunkunniya, kuma warin da ya dake ni wallahi warin madafin kakata ne a ƙauye, wannan warin na itace da tsohon hayaƙi da ya kama azara shekara da shekaru. Ban shirya wa hakan ba, sai na ji ƙwalla ta zo min, ko da yake hayaƙin ma ya taimaka don akwai sauransa kaɗan yana ɗan yajin ido a minti biyar na farko. Matar ta shimfiɗa min wani ƙyalle a benci ta ce kar in jingina da bango. Na jingina mana, ina tunanin me. Farin tawul ɗin da na yafa ya tashi daga aiki a take.

Ta ɗebi ruwa da wani dogon ludayi na katako ta zuba a duwatsu a hankali. Ba irin tsuwwar nan ta saunar lantarki ba, wata ƙara ce can ƙasa-ƙasa kamar numfashin babbar dabba, sai tururin ya hau rufi ya zagayo ya sauko min a kafaɗa kamar an lulluɓa min bargo mai ɗumi. Wannan tururin shi suke kira löyly, kuma kalmar a tsohon harshensu tana nufin rai ko ruhi ne, kuma bayan na ji shi na daina yi musu dariya in sun zauna suna gardamar löyly ɗin wane gida ya fi na wane laushi. Akwai bambanci ƙwarai, na lantarki mari ne, wannan kuwa tausa.

Sai ta ɗauko vihta. Damin rassan wata bishiya ce mai farin ɓawo da suke kira koivu, ana yanka su da ganyensu wajen ƙarshen watan Yuni lokacin bikinsu na tsakiyar bazara, a busar ko a sa a firiza don lokacin sanyi, har a manyan kantuna ana sayar da daskararre. A yammacin ƙasar vihta ake cewa, a gabas vasta, kuma wannan ma abin gardama ne a wajensu kamar Kano da Sakkwato a kan wa ya fi iya Hausa. Ta jiƙa shi a bokitin ruwan ɗumi, ta ɗan kara shi a kan duwatsu har ƙamshin ɗanyen ganye ya cika ɗakin, ta fara fyaɗa min a baya fat fat fat daga kafaɗa har ƙafa. Ni kuwa sai na tuntsire da dariya, ta tsaya tana tambaya ko da zafi ne. Yaya zan yi mata bayani da 'yar Finishancin da ban cika ba cewa wankan jego take min? Lokacin da na haifi ta fari a gida kwana arba'in gwaggona tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa min safe da yamma ina ihu tana cewa yi shiru 'yar nan ƙashinki ake gasawa. Na dai ƙoƙarta na gaya mata, ta gyaɗa kai ta ce ai su ma a da a sauna ake haihuwa, don shi ne ɗaki mafi tsabta da ɗumi da ruwan zafi a gidan manomi, mai jego takan yi kwanaki a ciki, kuma in mutum ya mutu a nan ake yi masa wanka. Ko Urho Kekkonen da ya mulki ƙasar daga 1956 har shekara 25 a saunar hayaƙi aka haife shi a 1900. Shi ya sa tsofaffinsu ke cewa a sauna ana zama ne kamar a coci, ba ihu ba zagi ba faɗa.

Sau biyu na shiga na fita. A tsakani ta nuna min 'yar gadar katako da ta shiga cikin tafkin ta ce in je in tsunduma. Ruwan bai daskare ba tukuna amma saura ƙiris. Na sa ƙafa ɗaya zuwa idon sawu na ce mata na gode Allah ya saka da alheri, na zauna a benci a waje tururi na tashi daga jikina kamar tuwon da aka kwashe yanzu, kuma abin mamaki ban ji sanyi ba ko kaɗan, ni da ko shara ba na fitarwa sai da riga uku.

Ƙahon ba a cikin saunar ake yi ba saboda kunkunniya, wani ɗaki ne a gefe mai tayil da gadon tausa da famfo da magudanar ruwa a ƙasa, a ɗumame. Nan ne matar ta burge ni gaskiya. Ta wanke hannu ta sa safar hannu, ta wanke min baya da sabulu, ta buɗe sabuwar 'yar aska daga leda a gabana ta nuna min, kofunan kuma na gilashi ne masu robar matsawa a kai ta fito da su daga cikin ledar da aka rufe bayan an dafa su. Na tambaye ta ina ƙahon da na gani a hoto. Ta nuna min wani kwando a saman kanta, na kakarta ne, ƙahonin shanu an yanke tsininsu an rufe da 'yar fatar mafitsara, da baki ake zuƙe iskar kamar dai namu, sai wani ɗan ƙaramin gatari da bai kai tsawon yatsa biyu ba wanda ake sassara fata da shi. Ta ce yanzu ado ne kawai, ba yadda za a tsabtace ƙaho ya fita tas. A zuciyata na ce Allah ya kai wannan magana kunnen wasu wanzaman, masu aska ɗaya mutum goma sai dai a goge a tsumma.

Ta fara bin bayana da yatsu tana latsawa, da ta zo kan wurin nan sai ta tsaya ta yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro, ban ce mata komai ba ita ta gano shi. Ta kafa kofuna sha huɗu daga ƙeya zuwa ƙugu, suka ja fata ta taso, ta cire ɗaya bayan ɗaya tana tsattsagawa da sauri tak tak tak sannan ta mayar. Zafin bai kai yadda na zata ba, kamar cizon cinnaka ne, wataƙila don fatar ta riga ta yi laushi a sauna. Takan cire kofi ta zubar ta ɗauraye da ruwan ɗumi ta sake kafawa, wasu sau biyu wasu sau uku, har jinin ya daina zuwa sai wani ruwa-ruwa. Duka jinin a idona bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Ta nuna min na kafaɗar dama, baƙi, ya yi guda-guda kamar hanta, ta ce paha veri, wato mugun jini. Mataccen jini kenan inji wanzamai, kalma ɗaya ce har da yadda ake faɗarta da alfahari ana nuna wa mai jiki. A nan dai ban bi ta ba, na yi shekaru ina ganin jini a wajen aiki, duk jinin da ya fito ya zauna a kofi minti biyar haka zai yi baƙi ya dunƙule, ko na jaririn da aka haifa yau ne. Ban yi mata gardama ba, mutum na kwance rub da ciki wata na riƙe da aska a bayansa ba lokacin nuna ilimi ba ne.

Muna cikin haka take ce min kakarta ba ta yin ƙaho sai wata ya fara raguwa, bayan ya cika. Na ce ikon Allah, mu ma a hadisi an ambaci 17 da 19 da 21 ga wata, wanda duk bayan cikar watan ne. Ta ɗaga gira ta ce ai tana da masu zuwa Musulmi, 'yan Somaliya da Larabawa, su ne ma suka koya mata kalmar hijama. Ta kuma ba ni labarin cewa a da akwai masu tsayar da jini da baki, su karanta wasu kalmomi a kan rauni. Nan na ɗago kai na ce mata ni dai dan Allah kar ta karanta min komai, ta yi dariya har kofunan bayana na rawa ta ce ita da ruwan sanyi da auduga take tsayar da nata.

Suna da karin magana biyu da kowa ya sani. Ɗaya sauna ce kantin maganin talaka. Ɗayar kuma, in giya da terva da sauna ba su yi magani ba to ciwon na ajali ne, terva wani baƙin mai ne kamar kwalta da ake tatsa daga itace, har yau suna sa shi a sabulu da man wanke gashi da alewa. Giya dai ta wuce mu, biyun na gwada. Akwai kuma masu ɗori irin nasu, kalevalainen jäsenkorjaus, da hannu kawai suke bin jiki daga tafin ƙafa har wuya suna saita shi, cibiyarsu tana yankin Kaustinen a yamma kuma suna horar da mutane shekaru kafin su ba su shaida. Abin da na lura shi ne mutanen nan ba su jefar da na kakanninsu ba kuma ba su bar shi yadda suka same shi ba, sun zauna sun cire ƙahon sun sa gilashi, sun sa safar hannu, sun sa kwas da takardar shaida da rasit, sai ga shi ana biyan kuɗi mai kauri ana godiya.

Amma kar a ɗauka likitocinsu sun sa hannu. Da yawansu uskomushoito suke kiran irin wannan, wato maganin imani, in kin yarda ya yi miki. Mai ƙaho ba ta cikin ma'aikatan lafiya masu rajista, inshorar gwamnati ta Kela ba ta mayar miki da ko sisi, kuma an daɗe ana muhawarar a yi doka a kan masu maganin gargajiya. Sauna ce dai ke da ɗan goyon bayan bincike. A 2015 Jari Laukkanen da abokan aikinsa na Jami'ar Gabashin Finlan sun fitar da sakamakon bin maza 2,315 na yankin Kuopio na kimanin shekara 20, suka ga masu shiga sau 4 zuwa 7 a mako haɗarin mutuwar fuju'a ta zuciya ya ragu musu da kashi 63 cikin ɗari in an gwada da masu shiga sau ɗaya. 'Yan ƙasar na son kawo wannan lissafi kamar aya, ni kuwa nakan ce maza ne zalla, kuma wanda ke da ƙarfin shiga wuta kullum dama can da sauran lafiyarsa. Zafi ba abin wasa ba ne, a garin Heinola sun yi ta gasar wa ya fi daɗewa a sauna tun 1999, a 2010 wani ɗan Rasha ya mutu a zagayen ƙarshe cikin zafin digiri 110, daga ranar aka binne gasar. Mu ma ai tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suke danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan wankan tafasasshen ruwa da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Mai hawan jinin da bai daidaita ba ko ciwon zuciya ta tambayi likitanta tukuna, mai ciki da mai shan maganin tsinka jini kuwa ƙaho ba nasu ba ne sam.

Da aka gama ta wanke ni da ruwan sanyi-sanyi har ko'ina ya tsaya, ta ce in sa riga mai tsabta ta auduga, kwana biyu ba sauna ba iyo ba aikin ƙarfi, in sha ruwa da yawa. Ta zaunar da ni a ɗakin shayi ta kawo ruwan 'ya'yan itace mai ɗumi da baƙin burodi, sai kuma ga makkara a faranti tana ƙamshi an gasa a garwashin saunar. Tsiren hanjin nan nasu ne, kuma kusan kullum alade ne. Na faɗa mata tun a waya ba na ci, ta manta, ta yi ta ba da haƙuri ta ɗauke, to amma ni yunwa kamar ta kashe ni bayan gumi da jini, burodi da man shanu kawai na samu. Duk mai zuwa ta tafi da guzurinta. Wajen salla kuwa ba matsala, da na ce zan yi magariba da isha'i ta ba ni ɗakin canza kaya ta ja ƙofa, ba tambaya ba kallo.

Sai wajen biya. A waya yuro 85 ta ce, a rasit na ga 95, wai goma na vihta ne. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, rashin faɗa ne, ganye ne fa daga bishiyar bayan gidanta. Na biya ban ce komai ba don tsohon ne ya ɗauko mota ya kai ni har bakin titi ya tsaya da fitila a kunne sai da bas ta zo, nan ma ko uffan bai ce ba, sai na ga goman ta fita.

A daren na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin haihuwa, awa goma cur, maigida ya ce sau biyu yana duba ko ina numfashi. Da safe bayana kamar an buga min tambarin kwalba sha huɗu, shunayya-shunayya, 'yata ta gani ta fashe da kuka wai wa ya dake ni. Tsagar ta warke cikin mako ɗaya, da'irar ta fi haka daɗewa, kuma a fatarmu tabon ya fi fitowa fiye da tasu, yanzu wata biyu kenan in na duba a madubi ina ganin 'yan layuka siri-siri, wadda ta damu da wannan ta sani tun yanzu. Kafaɗar kuwa kusan sati uku na manta da ita gaba ɗaya, ina juya wuya har baya kamar mujiya. A sati na huɗu bayan dutin dare uku a jere ta dawo, ba da ƙarfin da ba amma ta dawo. Ko ƙahon ne ya yi aikin, ko zafin, ko tausar, ko kawai don an samu awa uku wata na hidima da ni maimakon ni in yi da wani, kowanne na iya zama.

In maki ake so, saunar hayaƙin goma bisa goma, ko ba ƙaho zan koma saboda ita. Tsabtar ƙahon da hannun matar tara. Tsarin karɓar baƙi biyar, shi ma don albarkacin tsohon da motarsa.

Na tura wa Inna hoton bayana ta WhatsApp, ta kira nan take ta ce wa ya yi miki wannan aiki haka a jere kamar da ma'auni, na ce wata tsohuwar Baturiya ce. Ta ce mace wanzamiya? Na ce ai a nan yawancinsu mata ne tun asali. Ta yi salati, sannan ta tambayi nawa na biya. Na ce mata layin ba ya da kyau. Na riga na sake kama wuri a watan Maris lokacin tafkin ya daskare sun fasa rami a ƙanƙara, matar ta rantse sai ta sa ni a ciki ko zuwa gwiwa ne, ni kuma na ce mu gani, zan dai tafi da kilishina da baƙin tawul.